Kwamfuta cikin kwamfuta: tambayoyi da amsoshi kan matsalolin VirtualBox da VMware a Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban Jami'ar André Salifou, da masu koyon aikin rezo, da wasu ma'aikatan ofis suka fi kawo mini game da mashin birtuwel, wato kwamfutar da manhaja irin VirtualBox ko VMware ke kwaikwayo a cikin kwamfutarka ta gaske. Yawancinsu kafin su zo sun riga sun cire manhajar sun sake sanyawa, wasu har sun ƙarar da forfe wajen sake sauke ta. Ba kasafai laifin yake na manhajar ba. Galibi yana cikin BIOS, wato saitin da kwamfuta ke tashi da shi kafin Windows, ko ƙarancin RAM, ko tsohon diski, ko fayil ɗin da ya sauko a gurgunce, ko zafin garinmu. Kwamfutarka ta gaske zan kira ta mai masauki, wadda ke gudana a cikinta kuma baƙuwa.

Malam, idan na sa Linux a VirtualBox, ba zai share mini Windows da fayilolina ba?

Ba zai taɓa su ba, ƙanena. Diskin baƙuwa fayil ne kawai da ke zaune cikin wata folda, mai ƙarewa da .vdi a VirtualBox ko .vmdk a VMware. Idan Ubuntu, ɗaya daga nau'o'in Linux, ta tambaye ka ko ta share diski gaba ɗaya, wannan fayil ɗin take nufi, ka amsa mata ba tare da fargaba ba. Abin da ya kamata ka sani shi ne baƙuwa ba ta zo da guzurinta ba, daga tukunyar mai masauki take ci: RAM ɗinsa, furosesansa, diskinsa, batirinsa. Duk abin da ka ba ta, ka rage wa Windows ne.

Wacce zan ɗauka, VirtualBox ko VMware?

Wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya fitar da VirtualBox ga kowa a 2007. Sun Microsystems ya saye shi a 2008, sannan Oracle ya sayi Sun a 2010, shi ya sa kake ganin sunan Oracle a kanta. Kyauta ce, kuma ana sauke ta kai tsaye daga virtualbox.org ba rajista. VMware Workstation ta girme ta, tun 1999 take, kuma shekaru da yawa ta kuɗi ce. Bayan Broadcom ya sayi VMware a Nuwamban 2023, sai ya mayar da Workstation Pro kyauta ga mai amfanin kansa a Mayun 2024, a Nuwamban shekarar kuma ya buɗe ta ga kowa. Sai dai sai ka buɗe asusu a shafin Broadcom kafin ka same ta.

Ni ina cewa mai koyo ya fara da VirtualBox, don ita ce a hannun mafi yawan ƴan ajinku, idan ka maƙale za ka sami wanda ya taɓa maƙalewa a wurin. Kuma tunda VMware ta zama kyauta, babu sauran dalilin karɓar wadda aka fasa, mai zuwa da lambar sata a kan kile ɗin da ya zaga gari. Irin waɗannan su ne ke shigo da ƙwayar cuta.

Kwamfutata ta hannu ce, RAM 4 GB. Za ta iya?

Za ta iya wani abu, amma ba abin da kake so ba. Windows 10 ko 11 kaɗai, da burauza a buɗe, sun kusa cinye 4 GB. Abin da za ka iya ba baƙuwa bai wuce 1 GB zuwa 1.5 GB ba. Wannan ya ishi Debian ko Ubuntu Server marasa hoto, waɗanda rubutu kawai ake yi musu, kuma ga mai koyon umarnin Linux ko saita saba, su ne ma suka fi amfani. Lubuntu, wato Ubuntu marar nauyi, za ta lallaɓa. Windows cikin Windows kuwa, da 4 GB, ka haƙura.

Da 8 GB za ka tafiyar da baƙuwa ɗaya cikin kwanciyar hankali. Mai son haɗa biyu ko uku a lokaci guda don gwajin rezo, sai 16 GB.

Amma akwai abin da mutane ke mantawa, wato diski. Kwamfutocin hannu da yawa da ake kawowa daga Kano, ko ake samu a shagunan wajen Kasuwar Dole, suna zuwa da tsohon diski mai juyawa. Irin wannan diskin allura ɗaya ce ke kai-komo a kan faifai, ga Windows na neman abinta a nan, ga baƙuwa na neman nata a can. Buɗe Gestionnaire des tâches ka kalli layin diski: idan ya tsaya a 100% alhali furosesa na hutawa, ka gano inda ciwon yake. Idan kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, kuma RAM ɗinka ya kai 8 GB, SSD za ka saya, wato diskin da ba ya juyawa. Babu wani saiti a cikin VirtualBox da zai ba ka rabin saurin da SSD zai ba ka. Kafin ka sayi RAM kuma, a buɗe a duba ko DDR3 ne ko DDR4, da ko akwai gurbin da ba kowa, don wasu siraran kwamfutocin an like musu RAM ɗin a jikin allo.

Na danna fayil ɗin sanyawa, sai ya ce yana buƙatar "Microsoft Visual C++ 2019 Redistributable".

Tun daga VirtualBox 7.0, wadda ta fito a Oktoban 2022, haka take nema. Ƙaramin fayil ne a shafin Microsoft, sunansa vc_redist.x64.exe. Sa shi, ka sake kunna kwamfuta, ka koma kan VirtualBox. Idan ta yi maka maganar Python, wuce kawai, ba ka buƙatarsa. Rezo zai ɗan yanke yayin sanyawa saboda tana shigar da katin rezonta, wannan ba matsala ba ce. In kuwa Windows ɗinka mai 32-bit ne, VirtualBox ta daina karɓarsa tun 6.0.

Da na danna kunnawa sai ta rubuta "VT-x is disabled in the BIOS". Wani abokina kuma ko 64-bit ba ya gani a jerin zaɓi.

Ciwonku ɗaya, kuma shi ne mafi yawa a duk abin da ake kawo mini. Furosesa na da wata baiwa ta musamman da ke bari baƙuwa ta yi aiki kai tsaye a kansa. Intel na kiran tata VT-x, AMD kuma AMD-V ko SVM. Kamfanoni da yawa sukan sayar da kwamfuta da wannan baiwar a kashe. Da can VirtualBox na iya lallaɓawa ba ita, amma tun 6.1, a ƙarshen 2019, ta ce sai da ita. Idan ka ga VERR_VMX_MSR_ALL_VMX_DISABLED ko VERR_SVM_DISABLED, zancen ke nan.

Fara tabbatarwa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, shiga Performances, zaɓi furosesa, ka dubi ƙasa ta dama. Za ka ga "Virtualisation : Activé" ko "Désactivé". Idan a kashe take, kashe kwamfutar, ka kunna, ka yi ta danna maɓallin BIOS tun kafin tambarin Windows ya fito. A HP F10 ne, a Dell da Acer F2, a ThinkPad F1. Nemi "Virtualization Technology" ko "SVM Mode", yawanci yana ƙarƙashin Advanced, Security ko System Configuration. Mayar da shi Enabled, ka adana, ka fita. Kada ka taɓa abin da ba ka zo dominsa ba, musamman saitin SATA da tsarin tashi, don nan ne mutum ke shiga da ƙaramar matsala ya fito Windows ta ƙi tashi.

Abu biyu na iya tare ka. Na farko, BIOS ya nemi kalmar sirri. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai sukan zo a haka, kuma mai shagon shi ma sau da yawa bai sani ba. Shi ya sa nake roƙon duk ɗalibin da zai sayi ta hannu, ya shiga BIOS a nan gaban mai shago kafin ya ƙirga kuɗi. Minti biyu ne. Na biyu, wasu tsofaffin Atom, Celeron da Pentium ba su da VT-x ko kaɗan. Rubuta lambar furosesanka a shafin Intel ka duba. Idan babu, babu manhajar da za ta ƙirƙiro maka ita.

VT-x a kunne take, amma baƙuwa na jan jiki, kuma akwai hoton koren kunkuru a ƙasan taga.

Wannan kunkurun yana gaya maka cewa wani ya riga VirtualBox kama VT-x. Wanda ya riga ta ɗin Hyper-V ne, manhajar mashin birtuwel ta Microsoft da ke cikin Windows. Idan yana aiki, shi ke riƙe da furosesa, VirtualBox sai ta bi ta hannunsa, shi ne jinkirin. Idan komai lafiya, harafin V za ka gani a wurin.

Mutane kan ce, "Ai ni ban taɓa kunna Hyper-V ba, Windows ɗina ma Home ne." Gaskiya ne cikakken Hyper-V sai a Pro, Enterprise da Education, amma tushensa na nan a Home, kuma abubuwa da dama na tayar da shi ba sallama: manhajoji irin WSL2 da Docker Desktop, da wani tsaro da ake kira Intégrité de la mémoire, wanda sabuwar Windows 11 kan zo da shi a kunne.

Danna maɓallin Windows da R, rubuta optionalfeatures. Cire alama daga Hyper-V, Virtual Machine Platform, Windows Hypervisor Platform da Windows Sandbox, ko takwarorinsu na Faransanci. Sannan shiga Sécurité Windows, Sécurité des appareils, Isolation du noyau, ka kashe Intégrité de la mémoire. Idan kunkurun bai tafi ba, buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, da ikon mai gudanarwa ka rubuta:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

Sai ka sake kunnawa. Amma ka san abin da ka bayar. WSL2 da Docker za su daina aiki har sai ka mayar da kalmar ƙarshe auto. Intégrité de la mémoire kuma kariya ce ta gaske daga miyagun manhajoji. Idan kwamfutar ofis ce mai ɗauke da lissafin kuɗi ko bayanan mutane, ban yarda a kashe ta don gwaji ba. A nan gara ka gwada VMware, wadda tun 15.5.5 take iya zama da Hyper-V, ko ka yi amfani da Hyper-V ɗin kansa in Windows ɗinka Pro ne.

Baƙin allo kawai nake gani da "No bootable medium found". Wani lokaci kuma sanyawa ta kai rabi ta tsaya.

Na farkon mai sauƙi ne, ƴar'uwa: diskin baƙuwa babu komai, kuma ba ki saka mata faifan ISO ba, wato fayil ɗin da ake sanya Linux ko Windows da shi. Shiga saiti, Stockage, danna faifan da aka rubuta "Vide", ki zaɓi ISO ɗinki.

Na biyun ya fi cin rai. ISO na Ubuntu 24.04 ya kusa 6 GB, kuma da irin rezon da ke yankewa ana tsakar saukewa, fayil kan iso da sunansa daidai amma cikinsa da giɓi. Kafin ki zargi VirtualBox, buɗe cmd a cikin foldar ki rubuta:

certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256

Zai ba ki dogon jerin lambobi da haruffa. Gwada su da wanda ke shafin da kika sauko da shi. Ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace. Don manyan fayiloli, yi amfani da torrent na shafin Ubuntu ko Debian na asali, domin yana ci gaba daga inda ya tsaya kuma yana duba kowane yanki. Idan za ki karɓa a wurin ƙawa, kile mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4 GB, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS. Kuma ɗan aji ɗaya ya sauke, ya duba lambar, sauran su kwafa. Babu dalilin da mutum goma za su kashe forfe goma kan abu ɗaya.

Windows 11 ta ce wannan kwamfutar ba ta cika sharaɗi ba.

Tana neman aƙalla RAM 4 GB, diski 64 GB, ƙwayoyin furosesa 2, da matakan tsaro biyu, TPM 2.0 da Secure Boot. VirtualBox 7 na iya kwaikwayon biyun ƙarshe: a saitin Système kunna EFI da Secure Boot, ka zaɓi TPM 2.0. Idan tsohuwar manhajar ofis ce kawai ta sa kake neman Windows, duba ko Windows 7 ta ishe ta, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, kamar yadda ta daina kula da Windows 10 a 14 ga Oktoban 2025, don haka cire mata katin rezo, ta yi aikinta a rufe.

Ubuntu ta shiga da kanta ba ta tambaye ni komai ba, yanzu sudo na cewa ba na cikin "sudoers".

VirtualBox 7 ce ta sanya maka ita da kanta, ba ta kuma sa ka cikin masu ikon gudanarwa ba, su ne sudoers. Idan ba ka canza ba, sunan da ta ba ka vboxuser ne, kalmar sirri changeme. Rubuta "su -", ka sa wannan kalmar, sannan usermod -aG sudo vboxuser, ka sake kunna baƙuwar. Nan gaba, wajen ƙirƙira, zaɓi tsallake "Unattended Installation". Mai koyo ya kamata ya ga kowane mataki da idonsa.

Yaya, na ba ta duk RAM da duk ƙwayoyin furosesa, amma sai ƙara nauyi ta yi.

Dole ta yi. Idan ka ƙwace wa Windows RAM, sai ta koma zuba abin da ke hannunta a kan diski, diski kuwa ya fi RAM jinkiri ninkin ba ninkin. Mai masauki ya durƙushe, baƙuwa kuma a kansa take tsaye. Haka zancen furosesa: Windows ce ke kai wa baƙuwa saƙon diski, rezo da hoto, in ba ka bar mata ƙwaya ko ɗaya ba, da me za ta yi?

Kada ka wuce rabi. Mai 8 GB ya ba da 3 zuwa 4 GB. Mai Core i5 na tsohon zubi ya lura, da yawansu ƙwayoyi 2 ne na gaske ko da Windows na nuna 4, don haka 2 ne iyakarka, wani lokaci 1 ma ya fi daɗi. Sandar saitin VirtualBox na da kore da ja, ka tsaya cikin kore. Ɗaga ƙwaƙwalwar hoto zuwa 128 MB, ka bar VMSVGA ga Linux da VBoxSVGA ga Windows. Hanzarin 3D kuwa, a kwamfuta mai ƙaramin katin hoto na Intel, ya fi jawo baƙin allo da daskarewa fiye da sauri, ka bar shi a kashe sai in ka gwada ka ga amfaninsa. Rufe Chrome kafin ka kunna baƙuwa. Kada kuma ka ajiye fayil ɗin diskinta a kan kile ko cikin foldar da OneDrive ke kwashewa.

Da safe tana gudu, amma bayan azahar sai ta soma tsayawa, fanka na ihu.

Wannan ba saiti ba ne, zafi ne. A Afrilu da Mayu, lokacin da Damagaram ke haura digiri 40, iskar da fanka ke jawowa don sanyaya furosesa ita kanta da zafinta take shiga. Furosesa idan ya kusanci digiri 100 sai ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, kuma mashin birtuwel na cikin ayyukan da suka fi dumama shi. Ƙara da ƙurar hunturu. Idan aka buɗe kwamfutar da ta yi shekara biyu a nan ba a share ba, tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita za ka tarar da wani jan dunƙule na ƙura da zaren bargo ya toshe hanyar gaba ɗaya. Fanka na juyawa, iska ba ta fita. Sa hannunka a bakin mafitar: in ka ji ƙara amma ba ka ji hucin iska ba, shi ne.

Kai ta wurin mai gyara bayan kowane hunturu, a share, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya. Kada ka ɗora ta kan katifa, darduma ko cinya, ɗaga bayanta kaɗan a kan teburi. Aikin da ke da nauyi, kamar sanya sabon tsari, a yi shi da asuba ko da dare. Kuma ka tuna idan tana kan batir Windows na rage mata ƙarfi da gangan, sai ka jona caja.

Allon baƙuwa ƙarami ne, kwafa da mannawa ba sa aiki.

Ba ki sa Guest Additions ba, wato direbobin VirtualBox da ake sanyawa a cikin baƙuwa. A menu na Périphériques akwai wurin saka faifansu. A Windows ki danna ki bi. A Ubuntu ko Debian ki fara da:

sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)

sannan ki gudanar da VBoxLinuxAdditions.run da sudo. Bayan nan ki mayar da Presse-papier partagé zuwa Bidirectionnel. Foldar da kika raba za ta fito a /media da sf_ a gaban sunanta, in ta hana ki shiga ki sa kanki a rukunin vboxsf. A VMware, open-vm-tools-desktop ne ke wannan aikin.

Linzami ya shige ciki ya ƙi fitowa.

Danna Ctrl na dama. A VMware, Ctrl da Alt tare. Idan kwamfutarka ba ta da Ctrl na dama, canza maɓallin a Préférences.

Na tabbata kalmar sirrina daidai ce, amma tana ƙi.

Dubi maɓallanka. Yawancinmu AZERTY muke da shi, baƙuwa kuwa sau da yawa tana tashi da QWERTY na Amurka. Ka danna a ta rubuta q, ka danna lamba ta rubuta wani abu dabam, kuma wurin kalmar sirri ba ya nuna maka. Kali, wata Linux ta masu gwajin tsaro da ake saukewa a shirye, wadda sunanta da kalmarta duka kali ne, ita ta fi kama mutane: kana danna kali tana karɓar kqli. Gwada rubutawa a gurbin suna ka ga abin da ke fitowa. In ka shiga, setxkbmap fr zai gyara na wannan zaman, na dindindin kuma a saitin maɓallai. Ka daidaita agogo zuwa Africa/Niamey, don agogon da ya kauce sosai na sa shafuka da apt, mai sauke manhajoji a Linux, su ƙi ka.

Baƙuwa ba ta da intanet. Wani kuma ya ce tasa na shanye masa forfe.

Bar katin a NAT. Da shi baƙuwa ke fita ta bayan mai masauki, ko Wi-Fi ne ko telefon ka jona, kuma za ka ga lambarta 10.0.2.15. Idan ka ga lambar amma shafuka ba sa buɗewa, gwada ping 8.8.8.8. In ya amsa, DNS ne matsalar, wato abin da ke mayar da sunan shafi lamba. Bridged, wato Accès par pont, na sa baƙuwa ta nemi lambarta da kanta a rezon da kake, kuma Wi-Fi na makaranta ko ofis mai neman rajista kan hana ta. Don gwajin aji, inda baƙi biyu za su ga juna, kada ka bar su a NAT zalla, kowacce za ta sami 10.0.2.15 a keɓe. Yi amfani da NAT Network, ko Host-only mai lambobin 192.168.56.

Zancen forfe gaskiya ne. Baƙuwa na ɗauka igiyar rezo aka jona mata, ba ta san telefon ɗinka ba ne, sai Windows ta ciki ta kama sauke sabuntawa. Shiga saitin rezonta ka kunna Connexion limitée, ko ka cire alamar "Câble branché" duk lokacin da ba ka buƙatar intanet.

An ɗauke kuran tana aiki, batirina kuma matacce ne. Yanzu ta ƙi tashi.

Kada ki goge komai tukuna. Idan an rubuta "Aborted", sake kunnawa kawai, sau da yawa za ta tashi. Idan Linux ta tsaya a baƙin allo mai initramfs, karanta layin da ke sama, zai faɗi sashen da ya lalace, sai ki rubuta fsck -y da sunan sashen, misali /dev/sda2, sannan reboot. Idan "Inaccessible" ta nuna, shiga foldarta: kusa da fayil mai .vbox akwai wani mai .vbox-prev, wato saitin da ya gabata. Rufe VirtualBox, ki ajiye lalataccen a gefe, ki kwafi na biyun ki cire masa -prev. A VMware, in ta ce wani na amfani da baƙuwar, foldoji masu .lck ne suka rage, a goge su bayan an tabbatar ba ta gudana.

Kwamfutar da batirinta ya mutu ba ta dace da wannan aikin ba a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Diski biyu ne ke rubutu a lokaci guda, duka biyun na iya lalacewa. Batirin da zai riƙe ko minti goma ya isa ki rufe baƙuwa cikin tsari. Mai kwamfutar teburi kuma ya nemi ondilar.

Diskina ya cika, kuma na share abubuwa a cikin baƙuwa amma fayil ɗin bai ragu ba.

Fayil ɗin diskin baƙuwa yana ƙaruwa ne a hankali, ba ya raguwa da kansa. Sai an cike gurbin da ba kowa da sifiri daga ciki, da sdelete -z a Windows ko zerofree a Linux, sannan a kashe baƙuwa a yi VBoxManage modifymedium disk sunan.vdi --compact.

Amma ka fara duba snapshot, wato hoton halin da baƙuwa ke ciki da ake ɗauka don a iya komawa gare shi. Duk wanda ka ɗauka, VirtualBox na daskarar da diskin ta buɗe sabon fayil tana rubuta canje-canje, kowane na dogara da na bayansa. Na ga ɗalibin da ya shiga foldar Snapshots ya goge manyan fayilolin da hannu don samun wuri, aikin rahotonsa na ƙarshen shekara ya tafi da su. Daga cikin VirtualBox kaɗai ake goge snapshot, don ta haɗe shi da na kusa, kuma haɗewar na buƙatar sarari da wutar da ba za ta yanke ba. Riƙe ɗaya ko biyu: ɗaya bayan sabuwar sanyawa, ɗaya kafin gwaji mai haɗari. Snapshot kuma ba ajiya ba ce, a diski ɗaya suke da baƙuwar, in ya mutu tare za su tafi.

Ta yaya zan ba abokaina baƙuwata ba tare da kuskuren "UUID already exists" ba?

Kada ka kwafi .vdi kai tsaye. Kashe baƙuwar, ka fitar da ita ta Exporter zuwa fayil guda mai .ova, su kuma su shigar ta Importer, su zaɓi a ba kowane kati sabuwar lambar MAC don kada su yi karo a rezo ɗaya. Wannan .ova ɗin, a kan wani diski dabam, shi ne ajiyarka ta gaske.

Ni Linux ce mai masaukina, tana cewa "Kernel driver not installed (rc=-1908)".

An sabunta kernel, wato zuciyar Linux, direban VirtualBox bai bi ba. Sa linux-headers da dkms, ka yi sudo /sbin/vboxconfig. In ya ƙi, Secure Boot ne ke hana direban da ba a sa wa hannu ba, sai ka yi masa rajista ta MOK, wato hanyar ƙara wa Secure Boot sa hannun da zai yarda da shi, ko ka kashe Secure Boot. Don kile ya bayyana a baƙuwa, sa kanka a rukunin vboxusers.

Na gwada duk wannan bai yi ba. Me zan turo?

"Ba ta yi" ba ya taimakon mai son taimaka maka. Ɗauki hoton saƙon kuskuren gaba ɗaya, har da layin da ya fara da VERR ko lambar da ta fara da 0x. Faɗi samfurin kwamfutar, yawan RAM, irin diski, wace Windows, wace VirtualBox, da tsarin da kake son sanyawa. Faɗi abin da ya canza kafin ta lalace: sabuntawa, ɗaukewar wuta, ko sabuwar manhaja. Sannan danna baƙuwar da maɓallin dama, buɗe Journal, ka adana VBox.log na kunnawar da ta gaza, ka haɗa da saƙon.